Wa ya ba su ikon rufe mata rumfa, kuma wa ke bin su bashin magani?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Abu biyu suka same mu cikin sati guda, tun shekaranjiya nake juya su a rai. Yayata tana saida tuwo da shinkafa da wake a bakin wata tasha, shekara tara ke nan, da wannan rumfar take riƙon marayu huɗu. Ranar Litinin wasu ma'aikatan tsabta su biyu suka zo, suka buɗe randar ruwanta, suka leƙa inda take wanke kwanoni, suka ce ruwan wankinta na kwarara bisa hanya, kuma ba ta da takardar likita. Suka ce ta rufe, ta biya tara jika biyar, wato sefa dubu biyar. Ta biya, ba a ba ta ko guntuwar takarda ba. Ranar Alhamis autanta, watansa 20, ya kwana da masassara. Muka kai shi likita. An duba shi ba a amshi ko dala ba, wannan gaskiya ne, amma aka rubuto ordonas aka ce magani ya ƙare, mu tafi farmasi. Jika uku da rabi muka kashe.

Don Allah masu sani ku fahimtar da ni. Wace doka ce ta ba ma'aikaci ikon buɗe randar mutum ya rufe masa sana'a? Kuma wannan kyautar da ake cewa ta yara, doka ce ko alheri ne da ake yi in an ga dama? Don na ga ranar amsa suna da ƙarfi, ranar bayarwa sai a ce babu.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Wallahi ɗan'uwa ka taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Lokacin da nake goyon tagwaye, sau uku ana cewa kyauta ne, sau uku ina sayen siro a waje. Har na bar cewa kyauta, na koma cewa rabin kyauta.

Direban Ɗan Isa:
Doka? Ai mai kaki shi ne doka. Ka biya ka wuce, shi ne zaman lafiya. Mu da ke kan hanya kullum mun san haka.

Ɗalibar Tawa:
Yaya Direba, ka yi haƙuri, wannan maganar ita ce ke sa ana cin mu. Ina shekara ta uku a sashen shari'a a jami'ar Tawa, bari in faɗi abin da na sani, manya su gyara mini.

Ma'aikacin gwamnati ba shi da iko na ƙashin kansa. Duk abin da zai yi maka da sunan hukuma, sai akwai rubutaccen abu da ya ba shi dama, kuma rubuce-rubucen nan hawa-hawa ne. A sama akwai kundin tsarin mulki. Ƙarƙashinsa akwai doka wadda majalisa ta kaɗa wa ƙuri'a, ko ordonas wadda shugaban ƙasa ke sa wa hannu ta tsaya matsayin doka. Sai dekire na majalisar ministoci, sai arete na minista ko gwamna ko magajin gari. Na ƙasa ba ya saɓa wa na sama.

A maganar tsabta, tushen da aka daɗe ana aiki da shi shi ne ordonas mai lamba 93-13 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa kundin tsabtar jama'a. Ta yi magana kan tsabtar hanyoyi, da gidaje, da abincin da ake saidawa, da ruwan sha, da wuraren sana'a, kuma ita ce ta tanadi 'yan sandan tsabta masu bin diddigi. A 2022 majalisa ta ƙara yin wata doka da ta shimfiɗa manyan ƙa'idojin lafiya da tsabtar jama'a. Saboda haka zuwan da suka yi rumfar Yaya ba shisshigi ba ne, suna da hurumin duba ruwan da ake dafa wa jama'a abinci da shi. Inda aka kauce hanya shi ne kuɗin. Tara kuɗin hukuma ne, dole ta shiga baitulmali, kuma shaidar shigarta ita ce rasit mai lamba da hatimi. Babu rasit, babu mai iya cewa jika biyar ɗin nan tara ce.

Uwar Biyu:
Tsaya ƙanwata, ordonas kuma? Ba ita ce takardar da likita ke rubuto maka ka kai farmasi ba?

Ɗalibar Tawa:
Sunan ne ɗaya Yaya, a Faransanci duka biyun haka ake ce musu. Ta likita umarnin magani ce ga mutum guda. Wadda nake nufi umarnin shugaban ƙasa ce ga kowa da kowa, galibi lokacin da babu majalisa ko majalisa ta ba shi izini.

Tsohon Majo:
Salamu alaikum. Ɗiyata ta Tawa, Allah shi yi miki albarka, kin ɗora magana bisa turba. Ni shekara 31 na yi cikin farar riga, daga gundumar Dakwaro har Madarunfa, kuma maganar kyauta a gabana anka fara ta, don haka ita zan ɗauka.

Ɗana na Bagalam, kyautar nan ba sadaka ba ce. A rubuce take. Amma sai kun san abin da ke gabanta kafin ku gane inda take ciwo. A 1987 ministocin lafiya na Afirka sunka taru a Bamako sunka ce tunda gwamnatoci ba su iya cika gidajen likita da magani, to majinyaci shi riƙa ba da wani abu, a riƙa juya kuɗin ana sayo magani, mutanen gari su sa ido. Mu nan Nijar a 1995 anka yi dokar da ta kafa wannan tsarin a ƙananan gidajen likita. Shi ya sa kuke ganin mai amsar kuɗi zaune bakin ƙofa da littafinsa, shi ya sa kuma kowane CSI, wato ƙaramin gidan likita na unguwa ko ƙauye, ke da kwamitin mutanen gari, wanda muke kira Kojes. Kuɗin da ka biya shi ne maganin wanda zai zo bayanka. Asusu ne mai juyawa, kamar jarin mai ƙosai.

Zamanin marigayi Tandja Mamadou, ƙarshen 2005 anka ce fiɗar haihuwa kyauta. A 2006 anka ƙara da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da tsarin iyali. A 2007 anka sa kansar mata. Yadda anka tsara shi ne, ni majo, wato shugaban ƙaramin gidan likita, in duba yaro in ba shi magani daga cikin asusun nan, ƙarshen wata in cika takardu in aika, gwamnati ta maido mini kuɗin. To nan ne gizo ke saƙa. Watan farko da anka fara, mata sunka yi ta kwararowa da yara, waɗanda da can sai yaro ya galabaita ake kawo shi. Mun ji daɗi ƙwarai, mun ga rayukan da sunka tsira da idonmu. Amma kuɗin da za a maido sai su yi wata da watanni, wani lokaci a haura shekara. Kai kuma kana ta fidda magani. Mai ƙosai in tana rabawa ba a biya, kwana nawa jarinta zai yi? Ranar da kanta ta yi fayau, dole ka ɗauki biro ka rubuta ordonas, kana kallon uwar yaro tana kwance bakin zane tana ƙirga dala-dala. Na yi wannan rubutun da hannuna, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ina so ka riƙe wanga: jika uku da rabi da kunka kashe, a idon doka ba ku ya kamata ku biya su ba. Bashi ne bisa wuyan hukuma.

Ɗan Bagalam:
Baba Majo na gode. To in bashi ne, wa zan bi? Majon da ya ce babu, ko wa?

Tsohon Majo:
Kada ka fara da faɗa da mai farar riga, sau da yawa shi ma abin ya fi ƙarfinsa. Ka fara da Kojes na wurin. Mutanen unguwarku ne, an zaɓe su don su san abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma suna da ikon ganin littafin magani. Su za su faɗa maka ko da gaske ya ƙare ko akwai wata a ƙasa. Daga nan sai babban likitan gunduma, bisansa kuma daraktan lafiya na jiha. Amma ban ɓoye maka ba, kuɗinka da wuya su dawo. Amfanin zuwan shi ne a san an ƙirga.

Direban Ɗan Isa:
Ni fa duk wannan lissafin ban ga inda ya dafa ba. Ɗaliba ta ce kundin tsarin mulki ne a sama. Wane kundin? Ba an dakatar da shi ba tun Yulin 2023? In an sare gindin itace, rassa bisa me za su tsaya?

Ɗalibar Tawa:
Tambaya ce mai kyau Yaya, mu ma a aji mun yi ta. Kundin ranar 25 ga Nuwamba 2010 shi ne ya faɗi maganar ƙarara. Aya ta 12 ta ce kowa na da haƙƙin rayuwa, da lafiya, da abinci mai kyau isasshe, da ruwan sha, da ilimi. Aya ta 13 ta ɗora wa gwamnati nauyin samar da yanayin da kowa zai samu kulawar likita in ya yi ciwo. An dakatar da shi bayan 26 ga Yuli 2023, haka ne, kuma tun 26 ga Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ne ke saman dokokinmu. Amma dakatar da kundi ba ya goge sauran dokoki. Doka tana nan da ranta har ranar da wata dokar ta soke ta. In ba haka ba, da ranar nan aure da ciniki da takardun filaye duk sun watse. Ita kanta ordonas ɗin 1993 ta ga juyin mulki na 1996 da 1999 da 2010, ba wanda ya ce ta mutu saboda su.

Sannan akwai alƙawuran da ƙasa ta sa wa hannu a waje. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta 1981, wadda Nijar ta amince da ita a 1986, aya ta 16 ta ce a kan gwamnatoci ne su kare lafiyar mutanensu, su tabbatar an kula da su in ba su da lafiya. Ƙasa ce ta sa hannu, ba wani shugaba ba, don haka canjin shugaba bai sauke nauyin ba.

Kuma hukumomin yanzu ma da dekire suka yi aiki: daga 1 ga Satumba 2024 aka rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya da fiɗa a asibitocin gwamnati, aka ce haihuwa kyauta, aka cire jika 150 da masu wankin ƙoda ke ajiyewa kafin a fara musu.

Uwar Biyu:
To ai ga shi. Watan jiya munka kai ƙanwar maigidana haihuwa, ba a amshi kuɗin haihuwa ba, amma safar hannu da ruwan ƙari da allura duk mu munka sayo. In ka tara, kusan ɗaya da da.

Tsohon Majo:
Ciwon guda ne ɗiyata. An yafe kuɗin aiki, kayan aiki kuma sai in akwai su a kanta. Duk takardar da ta ce kyauta, ya kamata wata takardar ta biyo ta da cewa ga inda kuɗin za su fito, ga ranar da za su iso. Ta farkon tana da daɗin karantawa a rediyo, ta biyun ce ke sa magani cikin kwali.

Mai Duba Tsabta:
Salama. Na daɗe cikin zauren nan ban taɓa magana ba, amma yau aikina ake taɓawa. Ba a garin nan nake aiki ba, a wata gunduma nake, kuma ban san waɗanda suka je rumfar Hajiya ba. Abin da suka yi na amsar kuɗi babu rasit, ba zan kare shi ba ko kaɗan, su ne ke sa in mun shiga kasuwa ana kallonmu kamar kuraye.

Amma ina roƙonku kada haushin jika biyar ya sa ku raina aikin. Ku tuna damanar 2018. Kwalara ta faro daga gundumar Madarunfa a watan Yuli, ta shigo birnin Maradi, waɗanda suka kamu sun haura 3,000, fiye da 60 suka rasu. A 2021 ta sake dawowa. Ni na shiga gidajen da aka fidda gawa ina fesa ruwan kulor, na hana mata wanke tufafin mamaci a bakin rijiya, na roƙi dangi su bari mu yi wa gawa abin da ya kamata kafin sutura. Akwai tsohon da ya ɗaga mini sanda a ƙofar gidansa. Da ba doka a bayana, da wane bakin zan ce wa maigida ka kauce in shiga? Kwalara ba ta tambayar ko kai ne ka zubar da ruwan. Randa ɗaya a bakin tasha tana iya shayar da mutum 200 a wuni, kowannensu kuma mota zai hau ya tafi wani gari. Wannan ne dalilin da ya sa mai saida abinci ake matsa masa fiye da mai dafawa a gidansa, kuma shi ya sa ake neman takardar likita.

Abin da ke kanmu kuwa shi ne, mu nuna katin aiki, mu zo a lokacin da doka ta yarda, mu faɗa maka laifin da sunansa, mu rubuta. Ni a koyarwar da aka yi mini, nasiha ce farko, sai gargaɗi, tara ce ƙarshe.

Ɗan Bagalam:
Malam Mai Duba, na ji maganarka kuma ta shige ni, don a 2018 mun rasa maƙwabci cikin kwana ɗaya. Amma ka dubi wannan: sun ce ruwan wankinta na bin hanya. To ina za ta zuba? Babu magudana a layin, wadda ke akwai a babban titi ta cika da leda tun bara. Wa ya kamata ya yashe ta?

Mai Duba Tsabta:
Ma'aikatar magajin gari. Ba ni da ja a kan wannan.

Ɗalibar Tawa:
Kuma a rubuce yake. Kundin ƙananan hukumomi na 2010 ya ɗora tsabtar gari a kan magajin gari, kwashe shara da magudanai da kasuwanni da mahauta. A 2016 aka yi dekire da ya miƙa wa kwaminoni wani ɓangare na lafiya da ilimi da ruwa da muhalli. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun, kantomomin da aka naɗa su ke riƙe da wannan nauyin. Ledar da ta toshe magudanar ma akwai dokar 2014 da ta hana shigo da ita da saida ta. Ka ga Yaya, takardar da aka buɗe aka ci yayarka tara, in aka juya shafi akwai abin da ta ce hukuma ta yi. Ba doka biyu ba ce, ɗaya ce. Dalilin da ya sa aka ba su ikon taɓa sana'arka shi ne an ɗora musu kare lafiyar kowa, to ba su da damar ɗaukar ikon su ajiye nauyin.

Malam na Limanci:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina biye da ku. Abin da ɗiyar nan ta faɗa ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamai sun ce tasarrufin shugaba a kan talakawansa rataye yake da maslaharsu, ma'ana ba a ba shi iko don kansa ba. Kuma killace annoba tun kafin a san wata hukumar lafiya muka gaje shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in ta faɗo kuna ciki kada ku fita don gudunta. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta sauka can, ya yi shawara da sahabbai ya juyo da jama'a.

Sai dai ina da abin da ke raina tun 2020. Rufe masallatai da aka yi lokacin korona ya yi wa mutane zafi ƙwarai, kuma ni a ganina ba hukuncin ne ya fi ciwo ba, yadda ya sauko ne. Da yawa daga cikin limaman unguwa a rediyo suka ji, kamar kowa. Mutumin da aka nemi shawararsa ko bai so ba yana iya haƙuri ya kuma ba wasu haƙuri.

Direban Ɗan Isa:
Allah shi gafarta Malam, ka faɗi gaskiya. Mu kuma an hana mu shiga Yamai, motoci suka yi ta zama, ba wanda ya tambaye mu me yara za su ci. Wace doka ce ta ce a rufe gari sukutum?

Ɗalibar Tawa:
Dokar ta-ɓaci. An samu mutum na farko da korona a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, ranar 27 ga wata Shugaba Issoufou Mahamadou ya ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka sa hana yawon dare a Yamai, aka killace birnin. Masallatai kuma an sake buɗe su ranar 13 ga Mayu. Abin lura shi ne irin wannan ikon yana da wa'adi. A tsarin wancan lokacin gwamnati ita kaɗai kwana 15 take iya sa ta, in za a wuce haka sai an je majalisa. Ina tare da Malam cewa halaccin abu a takarda daban, karɓuwarsa a zukata daban. Amma Yaya Direba, gara ikon da ke da lamba da ranar ƙarewa da wanda mutum zai tashi da safe ya ce na hana.

Tsohon Majo:
Direba, kai da ke bin hanyar Jibiya kullum, kai ka fi kowa sanin ciwo bai san iyaka ba. Shan inna da ƙyanda da sanƙarau, in sun tashi Katsina sai mun ji a jikinmu, in sun tashi nan sai sun ji. Don haka ƙasashe sunka yi yarjejeniyar lafiya ta duniya a 2005, ta fara aiki 2007, kowace ƙasa ta ɗauki alƙawarin sa ido a iyakokinta da sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya in wata annoba ta ɓulla. Katin nan rawaya na shawara daga nan ya samo ƙarfinsa. Alhazanmu ba wanda ke gardama in an ce sai ya yi allurar sanƙarau kafin shi hau jirgin Makka, kowa na miƙa hannu. To dalilin da ya sa Saudiyya ke neman ta shi ne dalilin da ya sa muke bin gida-gida da akwatin rigakafi.

Kuma kada mu manta abin da ikon nan ya yi muna. Tsofaffin zauren nan sun san kurkunu, sun san yadda take kwantar da manomi tsakiyar damana. An bi tabki-tabki, an raba matata, an sa hakimai da masu gari sun hana mai kurkunu shiga ruwa. A 2013 anka ba Nijar shaidar ta rabu da ita. Jikokina ba su san ko kamarta ba.

Uwar Biyu:
Baba, duk na yarda. Amma ni ga abin da ke ci mini rai: yau ne na fara jin lambar wata doka a kan lafiyar ɗiyana, kuma a waya na ji ta, daga bakin ɗaliba. Duk an rubuta su da Faransanci an ajiye a Yamai. Yayar Ɗan Bagalam da ta san ana cewa a ba ni rasit, da ta faɗa. An ce yanzu Hausa ce harshen ƙasa. To me ya hana a juya dokar tsabta da jerin abubuwan da ke kyauta zuwa Hausa, da boko da ajami, a liƙa ƙofar kowace likita da kowace tasha, a riƙa karantawa a rediyo bayan labaru?

Mai Duba Tsabta:
Hajiya, da an yi haka mu za mu fi kowa hutawa. Rabin faɗan da nake yi a kasuwa, mutum na zaton ni na ƙirƙiro sharaɗin don in ci kuɗinsa. In kuɗin tara na rubuce a bango, ni ba zan iya ƙarawa ba, shi ba zai iya cewa bai sani ba.

Direban Ɗan Isa:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, talaka ya ce a ba shi rasit, sai a ce ya cika baki a ninka masa. Kun taɓa gwadawa?

Ɗalibar Tawa:
Ban ce babu haɗari ba Yaya. Shi ya sa ba a so mace guda ta tsaya ita kaɗai. Masu abincin tasha suna da shugabarsu, tasha tana da sarkinta, unguwa tana da mai unguwa. In su ne suka je ofis suka ce muna so mu san sharuɗɗan da kuɗin tara a rubuce, ba wanda zai ninka wa kowa.

Ɗan Bagalam:
'Yan'uwa na dawo da labari. Jiya da safe muka tafi ofishin tsabta, ni da yayata da shugabar masu abinci ta tashar da wani dattijo wakilin mai unguwa. Shugaban wurin ya amshe mu da mutunci. Ya ce ruwan wanki bisa hanya laifi ne, takardar likita kuma dole ce, waɗannan bai sassauta ba. Da muka zo kan jika biyar, ya buɗe littafin rasit a gabanmu, babu sunanta a ranar Litinin. Ya rubuta kamannin mutanen da lokacin da suka zo, ya ce mu dawo ranar Laraba. Kuɗi dai ba su dawo ba tukuna. Yayata ta je an auna ta, gobe za ta amso takardar, ni kuma na samo yara biyu mun haƙa mata rami bayan rumfa mun cika da tsakuwa don ruwan wanki. Na yi maganar magudanar, ya ce ba ofishinsa ke yasa ba, amma in masu rumfuna sun rubuto takarda zai haɗa da tasa ya tura. Ɗaliba, za ki iya taimaka mana da rubutun? Yaron kuma ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, yau har ya sha koko.

Ɗalibar Tawa:
Alhamdu lillahi. Zan rubuta yau da dare in turo maka, Faransanci a sama Hausa a ƙasa, don kowace mai rumfa ta ji abin da za ta dangwala wa hannu. Ku yi kwafi biyu, in kun kai ku ce a buga muku hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da ita.

Uwar Biyu:
Baba Majo, shi Kojes ɗin yaushe suke zama? Mace na iya shiga ta zauna ko sai an gayyace ta?

Tsohon Majo:
A ƙa'ida duk wata suke zama su ƙirga kuɗi da magani, kuma akwai babban taro na mutanen yankin inda ake zaɓen su, shi kowa na iya zuwa, mata ma ana son su ciki. Ki tambayi mai amsar kuɗi na likitar unguwarku wane ne shugaban kwamiti, ki same shi ki ce kina son ranar taro na gaba. Ki tafi da karnen tagwayenki, wato littafinsu na likita, da tsofaffin ordonas ɗin in kina da su, ki ja maƙwabtanki biyu ko uku masu goyo.